Lemon da Ochai Ya Dasa

Duk unguwarmu an san ni da abu biyu, ɗinki da faɗa. Ɗinkin gadonsa na yi a wajen mahaifiyata, faɗan kuwa ban san inda na tsinto shi ba. Sunana Ene, amma a Potiskum in ba ka ce Maman Olivia ba, babu mai nuna maka ƙofar gidana. Nan aka haife ni. Iyayena Idoma ne daga Binuwai, aikin gidan waya ya kawo babana garin nan, ya zauna har ya yi furfura. Idomancina bai wuce gaisuwa da zagi ba. Da Hausa nake ciniki, da ita nake addu'a, da ita nake mafarki.

Mijina Ochai shi ne ɗan Binuwai na gaske. Yana saurayi ya zo, ya koyi gyaran tirela a bakin hanyar Kano, ya zama bakaniken da direbobi ke bin layi dominsa. Mutum ne mai wani hali da ke ƙona mini rai. Ko guduma ce ta sauka a yatsansa, sai ya yarfe hannu ya ce, "Mun gode Allah, ba ido ba ne." A ɗauke wuta ina tsakiyar guga, ya ce mun gode Allah, an bar mana rana. Ranar da ɓarawo ya kwashe mana kaji bakwai, bawan Allahn nan ya leƙa akurki ya ce mun gode Allah, ya manta da ƙwai. Na ce masa, "Baban Olivia, in ka sake gode wa Allah a kan kajina, yau a gareji za ka ci abinci." Dariya kawai ya yi.

Abu ɗaya na san yana kewa daga gida. Ba sakwara ba, don ina daka masa. Ba ruwan sama ba. Ƙamshin furen lemo ne. Ya ce a gidan babansa, can wajen Otukpo, akwai itatuwan lemo a bayan ɗaki, in suka yi fure ƙamshin kan tashe shi daga barci kafin zakara.

"Ene, ke ba ki san ƙamshi ba tukuna," in ji shi.

"Ni da nake sayen turaren wuta a hannun Barebari za ka ce ban san ƙamshi ba?"

"Wannan hayaƙi ne. Bari wata rana in kawo miki na gaske."

Ya kuwa kawo. Wani direba abokinsa mai suna Bubayaro ya kai shanu kudu, ya dawo da ɗan dashen lemo a cikin tsohon galan da aka yanke wa kai. Tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Ochai ya haƙa rami a kusurwar tsakar gida, bayan ɗakin girki, ya dasa shi, ya kewaye da waya. Washegari na gan shi zai zuba masa ruwa da hannuwan nan nasa da baƙin mai ba ya fita, na fizge bokitin. Na ce, "Kashe shi za ka yi da man inji? Ba ni nan." Tun daga ranar ban-ruwa ya zama aikina.

Ba wasa na yi da aikin ba. Bokiti biyu da safe, huɗu da yamma, rani da damina. In ɗan garuwa bai zo ba, gara mu fasa wanki da in bar lemon nan da ƙishi. Taki kuwa daga kasuwar shanu ake kawo mini buhu-buhu. Itace ya tashi, ya wuce katanga, ganye kore shar har mutane na leƙowa su yaba. Fure dai ko ɗaya babu.

Da yamma in Ochai ya dawo daga gareji, sai ya yi wanka ya zauna a kan bencinsa da ke jingine da bangon ɗakin girki, ni kuma ina kai-kawo tsakanin duron ruwa da gindin lemo. Sau nawa na ce masa, "Ka ja bencin nan gaba mana, ka ga itacenka da kyau." Sai ya ce, "Nan ya fi." In na fara mita cewa bana ma babu fure, ya ce, "Mun gode Allah, akwai inuwa."

Shekara goma sha ɗaya muna haka. Daga nan ciwo ya kama shi, na mako uku kacal, ya tafi. Danginsa suka zo da mota suka ɗauki gawar zuwa ƙauyensu, don haka al'adarmu take. Al'adar nan kuma ta ce ni in na mutu gidan ubana za a mai da ni, wani ƙauye dabam da ban taɓa kwana uku a cikinsa ba. Ko a ƙasa ba za mu yi maƙwabtaka ba ke nan. Abin da ya rage mini da shi a wuri ɗaya shi ne lemon nan. Bencin kuwa ban taɓa zama a kai ba bayansa, kwanuka na riƙa kifewa a kansa.

Na ƙara shekara uku ina ban-ruwa ni kaɗai. Kullum in na gama addu'ar safe sai in ƙara da cewa, "Ya Uba, fure ɗaya dai. Ba na roƙon 'ya'ya. In ji abin da mutumin nan yake faɗa, shi ke nan." Shiru kake ji.

A farkon shekarar nan Olivia ta matsa. Ita ce 'yarmu tilo, tana aikin jinya a Makurdi. Tun da hawan jini ya kayar da ni a bakin keken ɗinki take kira safe da yamma.

"Mama, bayan Ista zan zo da mota. Na gyara miki ɗaki."

"Wa ya ce miki ina neman ɗaki? Nan ba ɗaki ba ne?"

"Mama, in kika sake faɗuwa wa zai ɗaga ki?"

Na yi faɗan, na yi kukan, daga ƙarshe na ce to. Muka shirya cewa Umar Faruk, ɗan maƙwabciyata Hadijatu, zai tare a gidan da amaryarsa. Da na ajiye waya na fita na tsaya gaban lemon na ce masa, "Ka ji dai. Saura wata biyu da 'yan kwanaki. In kana da abin nunawa, yanzu ne."

Kwana biyu bayan nan aka yi wata rana da Shaiɗan ya tashi da ni a gaba. Wuta ta tafi ina cikin yi wa rigar amarya aiki. Wata mata ta dawo da zane ta ce na ci mata rabin yadi, ni Ene! Ɗan garuwa ya ce injin burtsatse ya lalace, jarka biyu kawai ya samo. Ina juyowa sai ga akuyar Hadijatu, wata ja mai karyayyen ƙaho, ta ɗora ƙafafu kan waya tana tsinkar ganyen lemo hankali kwance. Na cire takalmi na wurga, na kuskure ta, na sami tukunyar miya.

"Hadijatu!" Na ƙwala kira ta kan katanga. "Ki zo ki ɗauki uwar gidanki kafin in yi farfesu da ita!"

Hadijatu ta shigo tana gyara mayafi, tana danne dariya. Shekara ashirin da shida muna katanga ɗaya, ta san faɗana ba ya kwana. Ta kama akuyar a kunne, ta tsaya tana kallon itacen.

"Maman Olivia, ni fa abin nan yana ba ni mamaki. Itace kamar wannan a ce ko fure? Bari kawuna Babaji ya shigo gari ranar kasuwa in kawo miki shi. A Mamudo yake, lambunsa har da lemo da mangwaro."

"Me zai gaya mini da ban sani ba?"

"To, gani ya kori ji."

Ranar kasuwa kuwa ta kawo shi. Wani tsoho ne siriri mai farin gemu, ƙafafunsa duk faso. Muka gaisa a falo, ya ɗan daɗe yana kallon hoton Ochai da ke bango. Muka fita tsakar gida. Ya zagaya itacen, ya tsinki ganye ya murza ya sunsuna, ya tsuguna ya tura yatsu cikin ƙasa, suka fito da laka.

"Sau nawa ake ba shi ruwa?"

Na faɗa masa, ina jiran yabo.

"Ko a tsakiyar rani?"

"Ko kwana ɗaya bai taɓa fashi ba, Baba."

Ya goge hannu a jikin rigarsa ya ce, "To ai shi ke nan. Uwargida, lemo ba ya fure sai ya ji ƙishi. A can inda aka ɗauko shi rani ne ke matsa masa, ruwan farko ya sauka, sai ya fashe da fure. Wannan bai taɓa sanin rani ba. Ya ci ya sha, sai ganye yake yi. Ki janye masa ruwa gaba ɗaya. Ki bar shi har ki tashi da safe ki ga ganyen a naɗe bai buɗe ba. Ranar sai ki cika masa gindi ya sha ya ƙoshi."

"In ya mutu fa?"

"Yana iya mutuwa. Zafi na tafe. Amma in kika ci gaba yadda kike, ko shekara hamsin zai yi ba fure."

Ban san lokacin da suka fita ba. Abin da ya dame ni ba tsoron mutuwar itacen ba ne. Wato ni ce. Ni da bokitina na hana Ochai abu ɗaya tak da ya roƙa a garin nan. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a benci yana jira, ni kuma ina shiga tsakaninsa da abin da yake jira, har ina yi wa Allah mita. Rashin sani ya fi dare duhu. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ranar ban ɗora tukunya ba.

Larabar da muka shiga azumin kwana arba'in, na dawo daga coci na kife bokitin a kan duro. Hadijatu ta leƙo ta ce, "Au, har itacen ma ya ɗauki azumi?" Na ce ta kula da akuyarta, ta bar mini itacena.

Makon farko itacen bai nuna komai ba, ni ce na shiga uku. Da la'asar ta yi sai ƙafata ta kai ni bakin duro da kanta. In tsaya, in koma, in share tsakar gidan da na riga na share. Ashe shekara goma sha huɗu ban san yadda ake yin yamma babu bokiti ba. Kewar Ochai ta dawo mini sabuwa fil, har ta fi ta ranar da aka fita da shi. Ina jin ƙarar tirela daga bakin titi sai in ɗaga kai, kamar yanzu zai turo ƙofa yana warin gas.

A coci Rabaran ya ce a azumin bana kowa ya nemi abu ɗaya na godiya kowace rana, kada ya kwanta sai ya faɗe shi da baki. Na ce a raina, wannan ai wa'azin Ochai ne, kyauta na sha shi shekara talatin. Na dai gwada. Ranar da allurar keke ta karye sau biyu na buɗe baki in ce mun gode Allah, sai tsaki ya riga fita. Ranar da mai keke napep ya watsa mini ruwan kwata a zanen zumuntar mata, na fara da "Mun gode," na ƙarasa da "uwarka." A bakin Ochai maganar nan kamar ruwa take fita, a nawa kuwa sai ka ce ina haɗiyar ƙashi.

A mako na uku zafi ya sauko da gaske. Da rana ganyen sai su yi laushi su sunkuya, da safe su miƙe. A na huɗu koren ya dusashe. Nakan tsaya a gabansa da kofin ruwan da zan sha. Sau ɗaya har na karkata kofin, na tuna maganar tsohon, na shanye abina ina hawaye. Addu'ata ta koma rigima. Nakan ce, "Ya Uba, kai ka san ban yi da gangan ba. Me ya sa ba ka turo tsohon nan tun mutumin yana da rai ba? Mamudo ce fa, ba Makka ba, ba Urushalima ba. Kana ganina ina jidar ruwa shekara da shekaru, ka yi shiru." In na gama sai in ce amin, don ban san wani wurin da zan kai ƙara ba.

Ranar kwana na talatin da uku na fito da safe na tarar da ganyen a naɗe, ba su buɗe ba. Na aika aka kira 'yan garuwa biyu. Kura biyu cur suka juye a gindinsa, ƙasa na sha tana ƙara. Na ce to, Ochai, ga shi nan.

Bayan kwana uku ganye ya fara zuba.

Ba ɗaya-ɗaya ba, a'a, in iska ta kaɗa sai ka ji shaa. Na share, na sake sharewa. Kafin mako ya zagayo rabin itacen ya zama tsirara, ana hango sama ta cikinsa. Rassan da na raina shekara goma sha huɗu suka tsaya kamar ƙirare. Olivia ta kira tana tambayar ko na fara haɗa kaya, wai ba a fafe gora ranar tafiya. Na kashe wayar a kunnenta.

Rana ta goma da ba shi ruwan na ɗaura ɗankwali na nufi tasha. Na shiga motar Mamudo, aka cusa mu har da buhunan gero da wani rago da ya yi ta numfashi a wuyana. Ina sauka na tambayi lambun Babaji, aka nuna mini gangare. Na same shi a tsugune yana gyara hanyar ruwa, injin ban-ruwa na tatata a gefe. Ko gaisuwa ban tsaya yi ba, Allah ya yafe mini.

"Baba, ka kashe mini itace! Ina zamana lafiya ka zo da gemunka ka ce in hana shi ruwa. Ga shi can ya zama itacen girki!"

Ya miƙe a hankali, ya kashe injin. "Sannu da zuwa, uwargida. Zauna ga inuwa."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Kin kankare ɓawon reshe kin gani? Kore ne a ciki ko busasshe?"

"Kore ne."

"To yana da rai. Tsohon ganye ne ya zubar. Ki ba shi kwanaki."

"Kwanaki nawa gare ni? Sati biyu ya rage a zo a kwashe ni." Muryata ta karye a nan, abin da na ƙi jini a gaban baƙo. "Baba, ba ka san abin da ka yi mini ba. Da ka bar ni cikin rashin sanina. Mijina abu ɗaya ya so a duniya, ya ji ƙamshin furen nan. Ni na hana shi da hannuna, har ya mutu bai sani ba. Shekara goma sha huɗu na yi aikin banza, ina roƙon Allah abin da ni nake tarewa."

Tsohon ya kalli ƙasa. Can ya ce, "Ya sani."

"Wa?"

"Oga Ochai. Ya sani."

Na zauna a kan wani kututture ba tare da an sake ce mini zauna ba.

Ya nuna injin da haɓarsa. "Wannan shi ya tayar mini da shi, shekara shida ke nan. Direban da ke ɗaukar mini kaya ne ya kawo shi. Da ya gama ya ga lemona sun yi fure, sai ya je ya tsaya a ƙarƙashinsu ya rufe ido, ya daɗe. Ya ce yana da guda a gida, ya ƙi fure. Na tambaye shi yadda ake ba shi ruwa, na gaya masa abin da na gaya miki, kalma ɗaya ban canza ba. Ranar da na shiga gidanki na ga hotonsa na gane shi. Na yi shiru ne don ya ce kada in faɗa wa kowa. Amma ba zan bar ki ki tafi da wannan kaya a ka ba."

"To me ya hana shi gaya mini?"

Babaji ya ɗan murmusa. "Na tambaye shi. Ya ce, 'Baba, matata ce ke ba shi ruwa. Daga safe har yamma faɗa take, da mai ruwa, da masu ɗinki, da ni. Amma in ta ɗauki bokitin nan sai ta manta da kowa, ta kama waƙar coci. Ita ba ta ma san tana yi ba. Ni kuma in zauna in ji. In na ce ta daina ban-ruwa wata guda, wa zai yi mini waƙa? Fure na ji shi tun ina yaro, yau ma ga shi na ji a lambunka. Mun gode Allah.' Haka ya ce. Na ce masa ai wata guda ne kawai. Ya ce wata guda da yawa ne."

Ni ban san ina waƙa ba. Wallahi ban sani ba. Na zauna ina lalube a cikin kaina, sai ga su suna fitowa, waƙoƙin zumuntar mata, waɗanda mahaifiyata ke yi a bakin keke. Ashe shekara ukun da ya yi na ƙarshe, yana sane yake cewa mun gode Allah akwai inuwa. Na rufe fuska da gefen zane na yi kuka a lambun mutane, Babaji ya koma bakin aikinsa ya ba ni wuri. Da zan tafi na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata tun farko, na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, an riga an ba shi labarina.

Na dawo gida na ci gaba da ba itacen ruwa kaɗan-kaɗan yadda tsohon ya ce. Na fara haɗa kaya. Wuta ta ci gaba da tafiya, masu ɗinki suka ci gaba da ƙorafi, ni ma ban zama waliyyiya ba. Amma addu'ata ta sauka daga rigima. Nakan ce, "Ya Uba, ashe ba shiru ka yi ba. Ina can ina leƙen reshe, abin yana bayana a kan benci." Wasu 'yan tsiro suka fito a rassan, ƙanana, ban kula su sosai ba don kada in sa rai.

Ista ta zo ta wuce. Olivia ta ce ranar Alhamis za ta iso.

Ranar Talata da sassafe ina ɗaki ina naɗe labule, sai na ji motsin waya a tsakar gida. Na leƙa, ja mai karyayyen ƙaho ce. Na fito da takalmi a hannu ina cewa, "Yau dai sai na ga bayanki, 'yar banza mai—"

Ban ƙarasa ba. Wani abu ya tare ni a tsakiyar tsakar gida, ba a ido ba, a hanci. Sanyi-sanyi, zaƙi-zaƙi, ba irin na turare ba, ba irin na komai da na sani ba. Na ɗaga kai. A can saman rassan da na ce sun zama itacen girki, fararen furanni ne ƙanana, tuli-tuli a tsakanin sabon ganye, ƙudan zuma har sun riga ni. Takalmin ya faɗi daga hannuna. Gaskiyarsa ne, ban san ƙamshi ba.

Hadijatu ta shigo da gudu don ta ceci akuyarta, ta yi turus. "La ilaha illallahu! Maman Olivia, mene ne wannan?" Ta ja numfashi ta sake ja. Ta dube ni, ta ga yadda nake, sai ta kama akuyar ta ce a hankali, "In ya yi 'ya'ya zan ba direbobin shanu su kai miki." Na ce, "A kai lemo Binuwai daga Potiskum? Ai sai su yi mana dariya." Ta ce su yi. Ta ja ƙofar ta bar ni.

 Na waiga neman wurin zama, babu komai sai bencin. Na sauke kwanukan da ke kai ɗaya bayan ɗaya, na share ƙurar da tafin hannu, na zauna daidai inda katakon ya yi santsi saboda zamansa. Na jingina da bango yadda yake yi, na ɗaga ido in kalli furen.

Ba a ganinsa daga nan. Kusurwar ɗakin girki ta tare itacen gaba ɗaya, ko reshe ɗaya ba ya fitowa. Abin da ake gani daga bencin nan shi ne duron ruwa, da 'yar hanyar da ƙafata ta fitar a ƙasa, da daidai wurin da nake sunkuyawa in cika bokiti.

Na daɗe a zaune, ƙamshin na zagayowa ta bayan bango yana iske ni. Na ce, "Kai dai Baban Olivia, ba ka da dama." Sannan maganar ta fito da kanta, ban tura ta ba, ban haɗiyi ƙashi ba.

"Mun gode Allah."